Fim Ɗin Da Ƙwallo Ta Cinye Ƙarshensa

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa a koya muku turin fina-finai, a ganinku sana'ar ba ta wuce a soka waya a kwamfuta, a danna, a zare, a miƙa wa mai ita ba. Gaskiyarku, yau haka ta koma, ko akuya aka zaunar a kujerar nan za ta iya. Amma ni da har gobe ake kira Sani Kaset, ko da yake rabona da in sayar da kaset tun wasunku suna goye, ba haka na same ta ba.

Aikin farko da maigidana Alhaji Bala ya ba ni, a shagonsa na bayan tasha a Funtuwa, shi ne mayar da kaset baya. Kar ku yi dariya. Mutum ya yi hayar kaset ya kalla, ya dawo da shi zaren duk ya koma gefe guda, kuma Alhaji ba ya yarda a sa a bidiyo a juya, wai injin zai gaji. Ni ne ba na gajiya. Akwai wani ɗan ice da aka sassaƙa ya yi daidai da ramin kaset, shi nake cusawa ina murzawa daga safe har hannuna ya daina jin cewa nawa ne. Sai da ya ga ban gudu ba, sannan ya buɗe mini akwatin kayan aiki: reza, salatif, auduga, kwalbar sifirit, ƙaramin sukundireba da tsohon buroshin haƙori. Kayan gadon sana'ar ke nan gaba ɗaya, kuma duk suna shiga aljihun riga.

In zare ya tsinke, ba ƙulla shi ake yi ba kamar igiyar guga. Za ka kwance kusoshin kaset, ka jawo bakin biyu, ka ɗora ɗaya kan ɗaya, ka yanka a karkace, sannan ka liƙa salatif ta baya, ɓangaren da ba ya ɗauke da hoto. Ka kuskura ka liƙa ta gaba, to ka gama da injin mai haya, kuma gobe za ka gan shi a ƙofar shago shi da ƙannensa. In damina ta yi nisa kuma, funfuna ce abokiyar gaba. Za ka ga kaset ya yi fari-fari ta ciki kamar an barbaɗa masa gari. Sai ka jiƙa auduga da sifirit, ka riƙe zaren da yatsu biyu, kana juyawa kana gogewa tun daga farkon fim har ƙarshensa. Na goge fina-finai da yawa da ban taɓa kallo ba, amma na san tsawonsu a yatsuna.

Sai kwafi. Inji ɗaya yana kunnawa, sauran suna ɗauka. Kaset ɗin da ake ɗauka daga jikinsa muna ce masa uwa. Abin da aka ɗauka daga uwa ɗa ne, abin da aka ɗauka daga ɗa kuma jika. Kowane hawa hoto yana raguwa. Ɗa yana da kyau, jika ya fara dishi-dishi, in aka kai tattaɓa-kunne kuwa sai dai ka gane jarumi ta rigarsa. Mutanen gari suna karɓar 'ya'ya, jikoki kuma mu ɗora su a babur mu kai ƙauye, inda ba a cika ƙorafi ba.

Sabon kaset yana da tsada, saboda haka Alhaji yakan sayi na gwanjo buhu-buhu wajen direbobin da ke dawowa daga Kwatano, mu shafe abin da ke kai mu ɗora namu. Dokarsa ɗaya ce: kada a shafe kaset sai an leƙa abin da ke ciki, don ya taɓa sayar wa wani limami wa'azi a kan kaset ɗin da tsohon abin da ke ciki bai shafu har ƙarshe ba. Wajen wannan leƙen ne na ci karo da fim ɗin da zan ba ku labarinsa.

Baƙi da fari ne, kuma ko a lokacin ya kai jikan jika, fuskokin duk sun narke. Magana ake yi da wani yare da ba wanda ya sani. Wani ya ce Faransanci ne, direban da ya kawo buhun ya saurara ya ce shi dai bai taɓa jin an zage shi da wannan ba. Amma abin da ke cikin hoton ba ya bukatar tafinta. Ga busasshiyar ƙasa, ga manoma da malafa suna cirar auduga, ga ma'auni da mai awo yana danna yatsa. Sai ga wani ƙato mai tumbi a bayan babbar mota da lasifika, yana ɗaga hannu yana alkawari, yaransa suna raba wani abu a buhu. Sai wani siririn manomi ya miƙe a tsakiyar taro ya faɗi magana, aka yi masa dukan tsiya. Ya warke, ya koma gona. Can wajen ƙarshe yana tsaye a bakin gona da fartanya, mota ta zo ta tsaya, wani mai kwat ya fito yana miƙa masa wani abu a hannu. Manomin ya dube shi. Daga nan hoto ya yi rawa, sai ga 'yan ƙwallo suna gudu cikin kore da ja. Wanda ya mallaki kaset ɗin kafin mu ya ɗauki wasa a kan ƙarshen fim ɗin.

Na ce wa Alhaji kada a shafe wannan. Ya ce wa zai kalli fim ba waƙa, ba rawa, ba ƙarshe? Na ce a gwada shi a ƙauye.

A lokacin nakan ɗaure talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto a bayan babur, in bi kasuwannin Ɗandume da Kafur da ƙauyukan Malumfashi. A sami zaure, a toshe tagogi da buhu, a fara bayan la'asar. In fim ba na Hausa ba ne, ni ne mai bayani: in tsaya gefen talabijin ina faɗin abin da ake cewa. Kowa ya san ban iya yaren ba, ni ma ban taɓa cewa na iya ba. Aikin shi ne ka kalli hannu da kafaɗa da yadda mutum ya juya ƙeya, ka sa masa maganar da ta dace da shi. Siririn muka sa masa Mai Malafa, mai tumbin kuma Honarabul. In Honarabul ya ɗaga hannu sai in ce, "Taki zai zo kafin ruwan farko!" Zaure ya ɗauki ihu. Da yake fuskarsa ba ta fita, kowane ƙauye sai ya ga nasa ɗan takarar. A wani gari har an rantse mini cewa a kasuwarsu aka ɗauki fim ɗin, ga ma tsamiyar can. Duk kakar zaɓe kaset ɗin ba ya kwana a shago. In an zo wurin ƙwallo kuwa ba mai tashi, nan ake zama a yi ta musu: ya karɓa ko bai karɓa ba?

A irin wannan zauren na san Malam Iro. Manomi ne a wani ƙauye kan hanyar Malumfashi zuwa Kafur, yana da gona ta gado a bakin titi, gindinta ya gangara fadama, masara a sama, rake da kayan lambu a ƙasa. Ba mai yawan magana ba ne. Ran da ya fara kallo, da aka watse sai ya tsaya har na gama naɗe waya.

"Sani, nawa za ka yi mani nawa na kaina?"

"Malam Iro, kana da bidiyo a gida?"

"Ba ni da shi. Kaset ɗin nika so."

Na yi masa kwafi, ya naɗe a tsumma ya sa a aljihu. Duk bayan girbi sai ya zo Funtuwa da shi, in goge masa funfuna, ya zauna a benci ya kalla shi kaɗai. Daga baya na ji dalili. Wani babban mutum ne ya fara sayen gonakin bakin titin nan ɗaya bayan ɗaya, zai yi noman zamani da tarakta. Maƙwabcin dama ya sayar, na hagu ya sayar, gonar Malam Iro ta rage a tsakiya. Dillali ya yi ta sintiri har ya san sunayen awakin gidan. Amsar Malam Iro ba ta canzawa.

"Mai Malafa bai saida tashi ba."

Na taɓa ce masa, "Malam, ina ka sani? Ai ƙwallo ta shigo."

Ya ce, "Kai da ke bayani ba ka duba tsayuwarshi ba? Mai niyyar saidawa ba ya riƙe fartanya haka."

Duk mun tafi a kan cewa gonar Mai Malafa ce. Me zai sa mu yi shakka? A wurinmu, in ka ga mutum yana noma wuri ɗaya shekara da shekaru, bukkarsa a gefe, kabarin ubansa a bayan bukkar, ai ba ka tambayar gonar ta wa ce.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda faifan sidi ya shigo. Lokacin Alhaji Bala ya tsufa ya bar mini shagon, na cika shi da kaset har rufi ina jin na zama wani. Cikin damina ɗaya kowa ya juya baya. Ko kyauta ka ba yaro kaset sai ya tambaye ka me zai yi da shi. Kun san waɗanda suka cece ni? Manoman shinkafa da dawa. Suka gano zaren kaset in an ɗaure shi a kan sanduna yana ƙyalli yana kuka cikin iska, tsuntsaye ba sa sauka. Haka na zauna ina farke kaset da hannuna ina sayar da zare a dunƙule. In na bi hanyar Ɗandume sai in ga fina-finan da na ɓata ƙuruciyata ina gogewa suna kaɗawa a gonakin mutane. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma da shi na sayi injin faifai na farko. Mai Malafa kaɗai na hana reza. Na mayar da shi faifai, da waya ta kashe faifai kuma na mayar da shi kwamfuta, da dishi-dishinsa da ƙwallonsa.

Ana nan, Malam Iro ya tsufa, 'ya'yansa maza uku suka girma, kuma dukkansu suna son a sayar. Ba don lalaci ba. Taki ya yi tsada, hanyar gona ba kullum take da lafiya ba, farashin da dillali yake faɗa kuma yana sa mutum ya kasa barci. Babbansu Nasiru malamin makaranta ne a Zariya. Wata rana ya shigo shagon nan yana murmushi, ya ajiye mini wani kwali mai sheƙi a kan tebur. Na duba hoton da ke jiki. Mai Malafa ne, da idanu da hanci da gemu, kamar zai yi magana.

Nasiru ya yi mini bayani. Ashe fim ɗin na ƙasar Birazil ne, yaren kuma na mutanen Fotugal, kuma a can babban fim ne da gwamnatin soja ta taɓa hana nunawa. Wasu masana suka nemo uwar ta asali a wani ɗakin ajiya, suka bi hoto ɗaya-ɗaya suka wanke, suka gyara sauti, suka fitar da shi a faifai da fassarar Turanci a ƙasa. Wani abokinsa da ya je karatu waje ya zo masa da shi. Na juya kwalin ina tunanin wato akwai masu goge funfuna a can ma, sai dai su ana kiransu masana.

"Kawu Sani," in ji Nasiru, "an gama musu. Na ga ƙarshen. Ya karɓa, ya aje fartanya, ya kama hanya."

"Ka kalli fim ɗin duka?"

"Mi zan kalla? Tun ina yaro Baba ke ba mu labarinshi. Na dai ja shi zuwa wurin da ƙwallo ke shigowa."

Ya riga ya kai wa tsohon labari cewa an samo ƙarshen, bai faɗa masa abin da ke ciki ba. Malam Iro kuma ya yi magana a gaban 'ya'yansa da dillali: in Mai Malafa ya sayar, shi ma ya sayar. Mutum ne da in ya faɗi magana ko a kan asara ce ba ya janyewa, kowa ya san haka. Sharaɗinsa ɗaya, a shagona za a kalla, kuma daga farko.

Suka zo da hantsi ranar wata kasuwa, shi da 'ya'yan uku, dillali ya raɓe a bakin ƙofa yana danna waya. Na ja labule, na kunna. Ban taɓa jin kunya irin ta minti na farko ba. Tsamiyar da aka rantse mini a kanta ba tsamiya ba ce. Honarabul Bature ne fari fat da gashin baki. Na buɗe baki zan fara bayani yadda na saba, Malam Iro ya ɗaga hannu.

"Yau ka huta, Sani. Nasiru, karanta mana abin da suka rubuta."

Nasiru ya fara fassarawa da ƙarfinsa, har da kwaikwayon murya. Alkawarin Honarabul bai yi nisa da nawa ba, shi rijiya ya ce maimakon taki. Aka zo wurin taro, Mai Malafa ya miƙe. Shekara da shekaru a nan nakan ce, "Ba za mu ba da gonakinmu ba!" Nasiru ya karanta rubutun a ransa, ya sake karantawa.

"Mi ya ce?" in ji tsohon.

"Cewa ya yi... a ba su ko da inda za su shuka abin da za su ci. Wai kakanshi ne ya saida ƙasar ma kakan Honarabul shekarar fari, tun daga nan suke noma ta suna kai mashi amfanin."

"Sake faɗi."

Ya sake faɗi, muryarsa ta yi ƙasa. Duk manoman nan da muke yi wa kallon masu gona, ba mai ko taku ɗaya a cikinsu, 'yan ƙodago ne a ƙasar kakanninsu. Bukkar ma ba tasa ba ce. Aka zo bakin gona, mota ta tsaya, mai kwat ya fito. Wallahi jikina sai da ya jira 'yan ƙwallo, ba su zo ba. Abin da aka miƙa masa ba kuɗin gona ba ne, ɗan kuɗin sallama ne, an kore shi saboda maganar da ya yi a taro. Ya karɓa, ya jingine fartanyar, don ita ma ta maigida ce, ya ɗauki ƙunshinsa, matarsa da yara suna bin sa a baya.

Na kashe. Dillali ya leƙo ya ce, "To Alhamdu lillahi, ai ya karɓa."

Malam Iro bai ko dube shi ba. "Ya karɓa, amma bai saida ba. Ba shi da abin saidawa." Ya jima yana kallon talabijin ɗin da babu komai a ciki. "Duk shekarun nan ina ce ni ne Mai Malafa. Ashe ni ne kakan nan da ba su ma nuna ba." Sannan ya juya ya bi 'ya'yansa da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe, ya ce Nasiru ya biya mai shago kuɗin wuta.

Bai sayar ba. Wankakken fim ɗin kuma, in kuna son sani, bai yi kasuwa ba ko kaɗan. Na tura wa mutanen ƙauye da suka girma da tsohon, suka dawo suna cewa in cire musu, wannan ba Honarabul ɗinsu ba ne. Masana sun yi aikin shekaru sun fito da fuskar mutum tas, mutanena kuma suka ce sun fi gane shi lokacin da ba ya ganuwa.

Malam Iro ya ƙara damina biyu, Allah ya yi masa rasuwa bayan an kai amfani gida. Allah ya jiƙansa. Aka raba gado, gonar ta zama yanki-yanki har da na mata, kowane yanki bai isa ya riƙe gida ba. Dillali kuma bai mance hanyar gidan ba, magada duk suka sayar. Ban zarge su ba, ni da na farke shagona na sayar wa masu korar tsuntsaye. Yanzu in kun bi titin nan za ku ga masara ta miƙe layi ɗaya daga kwana har gada, ba iyaka ko ɗaya a tsakani, gwanin sha'awa.

Kwanakin baya ƙaraminsu, Lawal, ya shigo shagon nan da yamma, magidanci da 'ya'yansa. Babur ɗin da ya saya da rabonsa ya daɗe da tafiya. Ƙafafunsa duk taɓo, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada ya ɓata mini leda. Na tambaye shi daga ina, ya ce daga zuba taki, can bakin titi, ana biyansu kullum in an tashi. Ban tambayi gonar wa ba, shi ma bai faɗa ba. Ya miƙo wayarsa mai fasasshen gilashi.

"Kawu, tura mani fim ɗin Baba."

"Wanne? Wankakken?"

Ya girgiza kai. "A'a. Tsohon, mai ƙwallo."

Na soka wayar, na danna, na zare, na miƙa masa.